Tambaya da Amsa: Abin da Ke Hannunmu a Batun Sauyin Yanayi

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taɓo batun tsananin zafi, tsadar makamashin girki da ambaliyar ruwa, saboda haka muka zaɓi guda biyar muka haɗa su a fitowa ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Funtuwa: Assalamu alaikum. Kullum muna jin ana kira a rediyo cewa kowa ya rage hayaƙin da yake fitarwa domin a shawo kan ɗumamar yanayi. Ni ba ni da mota, ban taɓa shiga jirgin sama ba, wutar lantarki ma sai ta ga dama take zuwa unguwarmu. Shin ba waɗanda suka ɓata ne ya kamata su gyara ba? Mene ne nawa a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya a rabin farko na maganarka, kuma alƙaluma suna bayanka. Abin da ke ɗumama duniya shi ne iskar kabon da dangoginta da ke fita idan an ƙona kwal, man fetur da gas, ko kuma an sare dazuzzuka, domin suna taruwa a sararin samaniya su hana zafin da ƙasa ta ɗauka daga rana komawa sama. Kafin zamanin masana'antu, yawan wannan iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ɗaya na iskar da ke kewaye da mu ba, yau kuwa ya haura 420. Nahiyar Afirka baki ɗayanta, duk da cewa tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar duniya, abin da take fitarwa daga ƙona mai, kwal da gas bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Idan aka raba bisa yawan jama'a, ɗan Najeriya ɗaya bai kai tan 1 a shekara ba, alhali na mutumin Amurka ya haura tan 13. Wannan ne ya sa ƙasashe masu tasowa suka dage a taron sauyin yanayi da aka yi a Masar a 2022 har aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna, ko da yake kuɗin da aka yi alkawarin zubawa a cikinsa bai kama ƙafar asarar da ake tafkawa ba.

Sai dai kuma, Malam, ɓarnar da ke damunmu iri biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai ta duniya, wadda ta sa shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, wadda kuma ke sa damina ta yi jinkiri sannan ta sauko da ƙarfin da ƙasa ba ta iya shanyewa. Wannan, ko da duk mutanen Funtuwa za su daina hura wuta, ba za ta tsaya ba. Akwai kuma ta gida, wato gonar da aka aske ta babu ko bishiya ɗaya, da kwatar da shara ta toshe, da hayaƙin madafa da ke shiga ƙirjin uwa da goyonta. Ta biyun ce ke tantance yadda ta farkon za ta same mu, domin zafi iri ɗaya ne ke sauka a unguwa mai inuwa da unguwar da babu itace, amma ba wahala iri ɗaya mazaunansu ke sha ba. Shawarar da nake ba masu karatu ita ce kada su ɗauko jerin nasihohin da aka rubuta wa mutanen Turai, irin su rage hawa jirgi ko rage ɗumama ɗaki, su ɗora wa kansu. Su nemi aikin da gidansu zai ga amfaninsa a wannan shekarar, muhalli kuma ya amfana tare da shi. Irin waɗannan ayyuka suna nan, kuma sauran tambayoyin da ke ƙasa duk a kansu suke. Kai kuma da yake malami ne, kana da wani aikin da ya fi na sauranmu, domin yaran da ke zaune a gabanka su ne za su yi noma da zaɓe a shekarun da zafin zai fi na yau.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Kano: Muna girki da gas a da, amma tsada ta sa muka koma gawayi, wani lokaci ma itace. 'Yata da ke jami'a ta ce ina taimakawa wajen kashe daji. Ina da iyali mai yawa, kuma dole su ci abinci. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, ba wanda zai zarge ki don kin dafa wa iyalinki abinci da abin da aljihu ya iya ɗauka, amma maganar 'yarki tana da tushe, musamman a kan gawayi. Masu ƙona gawayi a daji suna jibge itace su rufe da ƙasa su cinna wuta, kuma a wannan hanya mafi yawan ƙarfin itacen yana tafiya a hayaƙi tun kafin a ɗura buhu, ta yadda kilo ɗaya na gawayi kan ci itace kilo shida zuwa goma. Abin da ya ƙara muni shi ne ba kowane itace suke so ba, sun fi neman masu ƙarfi irin ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma, kuma a ɗanyensu ake sare su. Duk babbar motar gawayi da kika ga ta shigo birni, wani yanki ne na dajin wasu mutane da ba ki san su ba aka kwaso.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma lafiyarki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na janyo mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Don haka matakin farko shi ne a fitar da murhu fili ko rumfar da iska ke ratsawa, a kuma sauke goyo kafin a tsuguna gaban wuta. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin hunturu yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe mutane a cikin barcinsu.

Game da rage abin da kike ƙonawa, murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa a gefe, abin da ke isa tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Murhun da aka kewaye da laka aka bar masa ƙofa ɗaya, ko murhun gawayi na ƙarfe mai ɗaɓen yumɓu a ciki wanda maƙera ke yi, yana iya rage cin makamashi da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har ya kai rabi, kuma kuɗin sayensa yana dawowa cikin 'yan watanni. Sauran dabarun kuwa ba sa cin ko kwabo. A rufe tukunya da murfin da ya yi mata daidai, a jiƙa wake tun dare, a yi amfani da busasshen itace da aka faskara ƙanana, a gama yanka da jajjage kafin a hura wuta, sannan idan an sauke a kashe ragowar garwashi da yashi a ajiye shi na gobe maimakon a bar shi ya zama toka. Akwai kuma dabarar da mata da yawa ba su gwada ba: idan shinkafa ko wake suka tafasa sosai, a sauke tukunyar da murfinta a nannaɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, zafin da ke cikinta zai ƙarasa dahuwar ba tare da wuta ba.

Idan hali ya samu, ina ba ki shawarar kada ki jingine tukunyar gas ɗinki gaba ɗaya. Gas ma daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, kuma yana fitar da iskar kabon, amma idan aka gwama shi da gawayin da aka saro daga dajin da ba a mayar da shi, ya fi sauƙi ga muhalli da ga huhu nesa ba kusa ba. Gidaje da dama sun raba aikin, shayi da ɗumame da miya a gas, tuwo da wake a gawayi. Saukar da farashin gas kuwa aikin hukuma ne, kuma abin takaici ne a ce ƙasar da har yanzu take ƙona gas a banza a rijiyoyin man fetur ɗinta na Neja Delta, matanta suna tsugune gaban hayaƙi.

TAMBAYA, daga wani manomi a yankin Daura: Shekara da shekaru ana raba mana dashen bishiyoyi da damina, muna dasawa, amma kafin wata daminar sun bushe ko awaki sun cinye. Na gaji. Akwai wata hanya?

AMSA: Akwai, Malam, kuma maƙwabtanka na tsallaken iyaka ne suka nuna wa duniya ita. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin yankin Maraɗi sun zama fayau, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, har manomi kan sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kashe kuɗi mai yawa wajen renon dashe da rabawa, kuma mafi yawansu sun mutu kamar yadda naka suke mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan toho ba ya buƙatar ban ruwa, domin saiwarsa ta riga ta kai inda danshi yake, kuma yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa kamo shi ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya, kuma shi ne ake kira sassaben zamani a can. Lokacin sharar gona, maimakon ka share komai ka ƙona, sai ka zagaya ka zaɓi kututturan da kake so su zama itace, ko gawo ne, ko kalgo, ko sabara, ko aduwa, ko magarya. A kowane kututture ka bar rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gindi zuwa rabin tsayinsu, ka ɗaura musu tsumma ko wata alama domin makiyayi da mai neman itace su san akwai mai su. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa, kuma abin da ka datse ya zama itacen girkin gidanka. Da wannan hanya, wadda ta bazu daga manomi zuwa manomi a jihohin Maraɗi da Damagaram, an ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya yi suna wajen farfaɗo da mataccen fili ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba musu taki.

Na san abin da za ka ce, wato inuwa tana hana gero yi. Wannan ya danganta da irin itacen da kuma yawansa. Gawo dai ba shi da wannan illa, domin yana zubar da ganyensa ne da damina lokacin da shuka ke buƙatar rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili kyau, kuma sarakunan Damagaram na da sun hana saransa da hukunci mai tsanani. Wani abin lura daga Nijar shi ne aikin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara don sun sari reshe ba, kuma sai da ƙauyuka suka yi yarjejeniya tsakanin manoma da makiyaya da mata masu neman itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ka kai maganar gaban mai gari kafin bazara mai zuwa.

Wannan ba ya nufin a daina dashe. A cikin gari, inda babu kututture, dashe ne kaɗai hanya, amma a dasa kaɗan da za a iya kula da su. Darbejiya ɗaya a ƙofar gida da aka kewaye da ƙaya ko tubali, ana zuba mata ruwan alwala har ta wuce rani biyu, ta fi ɗari da aka dasa ranar biki aka ɗauki hoto aka watse. Hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, ya rataya ladan ne a kan cin amfanin, kuma ba a cin amfanin itacen da ya mutu a watan farko.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Zariya: A gidanmu muna tara shara mu ƙona ta da yamma, har da ledoji, saboda babu motar kwasar shara. Wannan ya fi, ko zubawa a kwata idan ana ruwa kamar yadda maƙwabta ke yi?

AMSA: 'Yata, duka biyun ba su da kyau, kuma ba dole ba ne ki zaɓi ɗaya. Hayaƙin leda da roba yana ɗauke da sinadarai masu guba da ke cutar da huhu, sharar da aka tura wa ruwa kuwa ba ta wuce kwalbati na gaba, inda take toshe shi ruwa ya dawo cikin gidajen mutane. Manyan ambaliyoyi irin ta 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, ko ta Maiduguri a watan Satumbar 2024 da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, suna da dalilan da suka fi ƙarfin mai shara. Amma ruwan da ke shiga ɗakuna a unguwanninmu bayan ruwan sa'a ɗaya, yawancinsa daga toshewar magudana ne da gini a kan hanyar ruwa.

Ki gwada raba sharar gidanku na mako ɗaya, za ki ga mafi yawanta ɓawon kayan miya ne, ragowar abinci, toka da ƙura. Ragowar abinci na kaji da awaki ne, sauran kuma a zuba su a rami a bayan gida su ruɓe su zama taki, wanda masu lambu ke nema da kuɗinsu tun da takin zamani ya yi tsada. Ƙarafa, gwangwanaye da robobin ruwa suna da masu saye, 'yan gwangwan na zagayawa har ƙofar gida. Abin da zai rage shi ne leda, ita kuwa maganinta a kasuwa yake: ki tafi da jaka ko kwando, ki aika yaro sayen koko ko wake da shinkafa da kwano mai murfi, domin zuba abinci mai zafi a leda ma ba alheri ba ne. Ki tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar gari. Ruwanda ta hana amfani da leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma kasuwanninsu ba su daina ci ba.

TAMBAYA, daga wani mai shagon ɗinki a Sakkwato: Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ke cinye ribata. Ana ta tallata mini sola. Da gaske ta fi, ko yayi ne kawai?

AMSA: Malam, a gari mai rana irin Sakkwato ta fi, ga aljihu da ga muhalli duka. Kowace lita ta fetur da janaretanka ya sha tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ban da ƙara da hayaƙin da maƙwabtan shagonka ke haƙuri da shi. Kafin ka saya, ka fara rage buƙatarka, domin ƙwan fitila na zamani mai farin haske yana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da tsohon ƙwai mai zafi ke ci, kuma akwai fankoki da ƙananan injinan keken ɗinki da aka ƙera don ƙarancin wuta. Dutsen guga ne babban mai ci, shi ya sa teloli da yawa suke barinsa sai an kawo wutar gari. Ka nemi mai haɗawa da zai lissafa maka abin da kayanka ke ja kafin ya faɗi farashi, ka kuma riƙa goge faifan da ke kan rufi, musamman lokacin hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai.

Inda ake yin kuskure shi ne batir. Faifai mai kyau na iya haura shekara 20 yana aiki, amma batir na gama-gari irin mai ruwa yakan gaji cikin shekara biyu zuwa huɗu, kuma yana saurin mutuwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare ko an ajiye shi a wuri mai zafi. Cikinsa dalma ce da ruwa mai cin jiki, kuma mutanen Arewa sun san abin da dalma ke yi tun bala'in da ya auku a wasu ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare mai ɗauke da ita da ake niƙawa a cikin gidaje. Idan batirinka ya mutu, kada ka bari a fasa shi a tsakar gida ko a zubar da ruwansa a kwata, kada kuma yara su yi wasa da shi. Ka mayar da shi a rufe ga dillalin da ya sayar maka da sabo, domin yawancinsu suna karɓar tsohon su rage maka kuɗi.